Tambaya da Amsa: Yaranmu da Kayan Nowel

Tun da watan Nuwamba ya kama, wasiƙun da ke shigo wa wannan fili suka karkata kan bikin Nowel, wato Kirsimeti, da yadda son kaya ke shiga zuciyar yara a wannan lokaci. Mun zaɓi wasu daga Yamai da jihar Tawa muka miƙa wa masu amsa mana tambayoyin iyali: wani fasto, da wata malamar makarantar Lahadi, da wata shugabar asusun mata. Tare suka zauna suka amsa. Ga masu karatu na wajen Nijar, jika ɗaya sefa 1,000 ce, dala ɗaya kuma sefa 5.

TAMBAYA: Salama gare ku. Maigidana ma'aikaci ne, albashinsa jika 90, yaranmu huɗu. Bara na ci bashin jika 70 na atamfa da takalma da kaji, ban gama biya ba sai watan Afrilu. Duk da haka ƴata mai shekara 9 ta ƙi shiga majami'a ranar 25, wai ƙawarta leshi aka ɗinka mata, ita kuwa atamfa. Bana ta fara maganar tun yanzu. Yaya zan yi? Wata uwa, Bukoki, Yamai.

AMSA: Salama, ƴar'uwa. Da aljihu za ki fara, domin uwar da bashi ya hana barci ba ta iya zama ta yi wa yarinya magana cikin natsuwa.

Ku ɗauki takarda ke da maigida, ku yi lissafin Janairu kafin na Disamba: haya, kuɗin wuta da ruwa, kason kuɗin lakwal, wato makaranta, da za a nema bayan hutu, da hatsin wata. Albashi na ƙarshen wata ne, biki kuwa ranar 25, shi ya sa gidaje da yawa ke cinye kuɗin Janairu tun bai shigo ba. Abin da ya saura bayan wannan lissafi shi ne kuɗin bikinku. In jika 30 ne, ki ware 15 na tukunya, 10 na sutura, 5 na baiko da abin kai wa maƙwabta. Kada ki ɗauki atamfa bashi. Mai ba da bashin yana ɗora ribarsa a kan kowane turmi, kuma Karin Magana 22:7 ta riga ta ce mai cin bashi bawan wanda ya ba shi ne.

Turmi ɗaya yadi 6 ne, yana fitar da kayan ƙananan yara uku in tela ya iya yanka. Ki kai ɗinkin kafin Disamba ta yi kwana 5. Daga nan teloli cika suke yi, ga bikin ranar Jamhuriyar Nijar na 18 ga Disamba, ga Nowel, ga sabuwar shekara, sai kuɗin ɗinki ya hau, a yi miki aikin gaggawa, ko ki kwana a bakin shago daren 24. Ki ce masa ya bar ninki yatsa huɗu a ƙasa don kayan su kai bikin Ista. Kuma hunturu ake: rigar sanyi ta gwanjo da aka wanke aka goge ta fi takalmi mai ƙyalli amfani ga yaron da zai je sujadar dare. Na baɗi kuwa ki fara shi a Janairu. Dala 100 kowane mako a asusu, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, zai ba ki jika 24 cikin mako 48.

Yanzu ƴarki. Yarinya mai shekara 9 ba ta san kuɗin leshi ba, a bakin manya ta ji cewa ya fi atamfa. Ki tuna hirar da ake yi a hanyar gida bayan sujada: "Kin ga abin da wance ta sa? Ai wannan na jika kaza ne." Yarinya na biye a baya, riƙe da jakar uwarta, kunne a buɗe, har aka iso ƙofar gida ba wanda ya ambaci wa'azin ranar. A nan ta koyi cewa majami'a wurin nuna kaya ne, kuma wanda nasa suka kasa gara ya ɓuya. Wannan ce ɓarnar da muke tsoro ƙwarai, domin yau ƙaunarki take aunawa da kuɗin zane, gobe ƙaunar Allah za ta auna da abin da ya shigo hannunta. Wasu masu bincike a Amurka, Lan Chaplin da Deborah John, sun nuna a 2007 cewa son kaya yana hauhawa a yara har ya kai ƙarshensa wajen shekara 12 zuwa 13, daidai lokacin da yaro ya fi raina kansa, kuma da aka sa abokan yaran suka rubuta musu kyawawan halayensu sai son kayan ya sauka. Kina da shekara uku ke nan kafin abin ya yi ƙarfi, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada ki doke ta, kada kuma ki sayi leshin. Ki zaunar da ita, ita kaɗai, tun farkon wata, ki gaya mata abin da za ta samu: atamfa, amma ita za ta zaɓi launi da irin ɗinkin. In ta yi kuka ki ce kin san da zafi, maganar dai ba ta canja ba. Ku karanta Yakubu 2:1-4 tare, inda mai zoben zinariya da mai tsumma suka shigo taro ɗaya, ki tambaye ta wa aka tsawata wa a cikin labarin. Sannan ki roƙi malamar makarantar Lahadi ta ba ta wani aiki a ranar, ko karanta aya, ko riƙe hannun ƙananan yara a jerin waƙa, don ta san ana jiranta a ciki. Ku manya kuma ku daina hirar kuɗin kaya a gabanta.

TAMBAYA: Ni ɗan Adar ne, shekara 6 ina bida a Abijan, iyalina na Tawa, sai bayan shekara biyu nake leƙo gida. Kowace Nowel ina aika kuɗi da kaya. Yanzu in na kira, ɗana mai shekara 11 gaisuwa ɗaya zai yi sai ya ce, "Baba, me za ka aiko?" Bana babbar waya yake so. Abin yana ci mini rai. Wani uba.

AMSA: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a neman. Kada ka ga laifin yaron da yawa. Tun yana ɗan shekara 5 muryarka da ƙunshin kaya tare suke zuwa masa, dole ya haɗa su.

Ka raba su. Ka tsayar da rana ɗaya a mako, Lahadi da yamma misali, ta kiran da ba maganar kuɗi a ciki ko kaɗan. Minti 10 ya isa, amma da shi kansa za ka yi magana, ba saƙo ta bakin uwarsa ba. Ka tambaye shi sunan abokinsa na aji, da abin da ya fi ba shi wuya a lakwal, da abin da aka koya musu a makarantar Lahadi, mako mai zuwa ka nuna ka tuna. Makon farko da na biyu zai ta dawo da kai kan waya, ka ce wannan maganarka ce da mamarsa. A cikin Lahadi huɗu na kafin Nowel ka riƙa aiko masa da saƙon murya kana karanta Luka sura 2 kaɗan kaɗan, shi ma ya karanto maka ci gaban.

Kuɗi da kaya su bi ta hannun uwarsa, ita ta raba. In ka aika wa yaro kai tsaye, gobe ta hana shi abu zai ce ai Baba zai aiko, ka rushe mata iko kana can nesa.

Wayar kuwa, shawararmu kada ka saya bana. WhatsApp da Facebook da TikTok su kansu shekara 13 suka sa a ƙa'idarsu. Sayen wayar shi ne ƙaramin kashe kuɗi, kuɗin intanet na kowane mako shi ne babba, kuma yaron da ba ya da sana'a daga canjin aike zai fara cirewa. Abin da zai ta gani a ciki, samari masu watsa kuɗi da motoci da takalma, zai sa gidan ubansa ya zame masa abin kunya. In don kira ne, wayar uwarsa ta wadatar. Ka saya masa ƴar akuya, irin jar akuyar Maraɗi, ta zama tasa: shi zai nemo mata harawa da dusa, ya ba ta ruwa safe da yamma. Cikin akuya wata 5 ne, kuma irin nan sau da yawa tagwaye suke haifa. Ku yi magana tun yanzu a kan abin da zai fitar na zakka in ta haihu. Kowace Lahadi kun samu abin hira ke nan.

TAMBAYA: Ina koyarwa a makarantar Lahadi. Yara 25 ke zuwa duk shekara, amma Disamba na kamawa sai su kai 70 saboda biskit da kyauta. Muna ba wanda ya haddace aya alewa ko biro. Yanzu in na ce su yi hadda sai su ce, "Malama, me za a ba mu?" In kori ƴan Disamba ne? Wata malama, Yantala, Yamai.

AMSA: A'a, Malama, kada ki kori ko ɗaya. Yaron da biskit ya kawo ya dai shigo, kuma wataƙila wata ɗaya ɗin nan ne kaɗai zai ji labarin Baitalami a shekara.

Matsalar tana wajen ɗaura alewa a kan Maganar Allah. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun gwada wannan da ƙananan yara masu son zanen hoto. Waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo tun kafin su zana, bayan kwanaki sai suka rage yin zanen da kansu. Waɗanda aka ba takardar ba zato ba su rage ba. Alkawarin lada shi ke mai da abin da yaro ke so ya koma aikin ƙwadago, in ba biya ba aiki. Haka yaranki suka ɗauki hadda yanzu, kuma mai wannan tunani in ya girma zai yi addu'a kamar mai ciniki, ranar da bai samu ba ya juya baya.

Ki daina sanar da kyauta kafin hadda. Wanda ya haddace, ki sa shi ya koya wa ƙarami, ko ya faɗi ayar a gaban ikkilisiya, ki kuma gaya wa iyayensa a gabansa. Za su yi gunaguni Lahadi biyu ko uku, ki daure. Kyautar Nowel ta zama iri ɗaya ga kowa, na duk shekara da ɗan Disamba, a raba bayan an tashi.

Ki kula da wasan haihuwar Almasihu. Sau da yawa yarinyar da iyayenta za su iya ɗinka farin yadi ita ake ba matsayin Maryamu ko mala'ika, ƴaƴan talakawa su zama tumaki. Yara suna gani. Ikkilisiya ta tanadi kayan wasan da kanta daga tsofaffin zannuwa da buhuna, a ajiye a akwati, a raba matsayi da ƙuri'a. Kuma ki koya musu Luka 2:24, ayar da ake yawan tsallakewa: da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, kurciyoyi ko ƴan tattabaru. Littafin Firistoci 12:8 ya nuna wannan ita ce hadayar macen da ba ta da halin ɗan rago. Ki tambayi yaran me wannan ya nuna game da gidan da Yesu ya tashi a ciki, ki bar su su gano da kansu.

Sai ki juya musu hannu daga karɓa zuwa bayarwa. Kowace Lahadi ta Disamba kowane yaro ya zo da abin da ya samu na shinkafa ko gero, ko da cikin gwangwanin tumatir ne, a ƙulle a leda, ya zuba a buhu ɗaya a bakin ƙofa don kada a ga na wa ya fi. Lahadin ƙarshe ku auna da tiya a gabansu, dattawa su nuna gidajen gwauraye da marasa lafiya, yaran su ɗauka da kansu, manya na biye. Ba ɗaukar hoto. Matiyu 6:3-4 ta hana bayarwar nuni, kuma wanda aka kai wa yana da mutuncinsa.

TAMBAYA: Ma'aikatarmu na shirya wa yaran ma'aikata bikin bishiyar Nowel, wani ya sa jan kaya da farin gemu ya raba kyauta. Ɗana mai shekara 5 ya ce me ya sa Baba Nowel bai je gidan abokinsa ba, ko shi ba yaron kirki ba ne? Wani uba, Lazare, Yamai.

AMSA: Yaron ya gano illar da kansa, ɗan'uwa. In aka ce kyauta ta yaran kirki ce, to ɗan talaka ya zama mugu ke nan. Ka gaya masa gaskiya a sauƙaƙe: mutum ne ya sa kayan wasa, ma'aikatarku ce ta sayi kyautar, baban abokinsa kuma ba a can yake aiki ba. Asalin labarin wani shugaban ikkilisiya ne mai suna Nikolas, a garin Mira da ke ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, wanda aka sani da taimakon matalauta a ɓoye. Ka ce masa ya zaɓi abu ɗaya daga cikin ƙunshinsa ya kai wa abokin.

TAMBAYA: Ɗan marigayi yayana yana hannuna, shekararsa 10, akwai kuma ƴar aiki a gidan. Uwargida na ɗinka wa namu sabo, shi ta saya masa gwanjo, yarinyar kuwa ba komai. Na yi magana ta ce kuɗin ne bai kai ba. Wani maigida, Tawa.

AMSA: Maigida, ka fara duba ko gaskiya ta faɗa. In kuɗin yara uku ka ba ta ka ce ta tufatar da biyar, kai ka jefa ta cikin zaɓi. Ku zauna a ɗaka, ba a gaban yara ba, ku ƙirga kawunan yaran duka ku raba abin da ke akwai. In bai kai sabo ga kowa ba, a sauko gaba ɗaya: turmi mai araha a yanka wa duka, ko kowa ya sa gwanjo mai kyau.

Farawa sura 37 ta nuna abin da riga ɗaya ta jawo a gidan Yakubu, har ƴan'uwa suka kasa yi wa Yusufu maganar alheri. Maraya yana lura da komai ko bai yi magana ba, kuma ba ya mantawa. Amma ƴaƴanka ma suna cutuwa, don suna koyon cewa mutane hawa hawa ne kuma tufafi ke nuna matakin kowa. Ranar da suka haɗu da wanda ya fi su kaya, da wannan mudu za su auna kansu. Ƴar aikin kuwa, kyautarta daban, kuɗin aikinta daban, kada a cire wannan daga wancan. Ta ci abinci lokacin da kowa ke ci, da nama a kwanonta. In Musulma ce kada a tilasta mata zuwa majami'a don an ɗinka mata, kuma a tuna da ita ranar Salla.

TAMBAYA: Jikokina shida ne. Ranar Nowel muna kai wa maƙwabta abinci, yawancinsu Musulmi. Yaran sai su yi ta faɗa kan wa zai kai gidan wani Alhaji mai ba da tukuici mai kauri, gidan tsohuwar da ke bayanmu kuwa ba mai son zuwa. Da yamma kowa na ɓoye kuɗinsa. Wata kaka, Talaje, Yamai.

AMSA: Barka da ƙoƙari, Mama. Wannan al'ada ta musayar kwano kada ki bari ta mutu. Su ke aiko muku da naman Layya, ku ke kai musu shinkafa da zabo ranar Nowel, kuma a ƙasar da Kirista ƴan kaɗan ne, zumuntar nan tana da nauyi. Tukuici ma ba laifi ba ne. Gyaran a tsarin aiken yake.

Tun daren 24 ki jera gidajen da za a kai, ke za ki ce wa zai je ina, biyu biyu, babba da ƙarami. Kwanon farko, tun abinci na da zafi, na tsohuwar ne, ki sa mata tsoka mai kyau a gaban idonsu, kuma babban jikanki zai kai. Ki ce su durƙusa su gaishe ta, su tambayi ƙafarta, su ɗebo mata ruwa in randarta ba kome. In sun dawo daga kowane gida, kada tambayarki ta farko ta zama "Nawa aka ba ku?" Ki ce, "Yaya kuka same su? Wa ya karɓa? Me suka ce?"

Duk tukuici da barka da aka samu a zuba a gwangwani ɗaya a ɗakinki. Da an yi haka faɗan gidan Alhaji ya ƙare, tunda kowa ya san rabo ɗaya ne. Da dare a juye a tabarma, su ƙirga da kansu, a raba daidai. A ce kowa ya tashi da dala 200: ya fitar da dala 20 na baiko ya sa da hannunsa ranar Lahadi, dala 80 ta shiga asusunsa, dala 100 ya kashe yadda ya ga dama, ko da alewa zai saya, kada ki sa baki.

Ɓoye kuɗin da suke yi yana da dalili. A gidaje da yawa babba kan ce "kawo in ajiye maka", kuɗin ya bi cefane, ba a sake maganarsa. Yaron da aka yi wa haka sau biyu zai koyi tura kuɗi cikin safa da yin ƙarya. In za ki ajiye musu, ki samo ƙaramin littafi, kowane jika da shafinsa, a rubuta rana da adadi a gabansa, in ya nema a ba shi. In larura ta sa kin taɓa, ki gaya masa rance ne, ki faɗi ranar biya, ki kuma biya a ranar.

Aiken ya tsaya a gidajen da kika sani, kada su shiga ɗakin kowa, su kula da babura a bakin titi, kuma kowa ya dawo gida kafin magariba.